Allurar da Ta Ƙi Kama Ni a Mansura

Abu na farko da Masar ta ci mini shi ne kifina. Busasshen kifi ne na bakin tafkin Njuwa, Dada, mahaifiyata, ta zauna ta zare masa ƙaya da hannunta, ta naɗe a tsohon zane ta cusa mini a ƙasan akwati. Wanda aka haɗa ni da shi ya tarye ni a filin jirgin Alƙahira ɗan ƙasarmu ne, ga gemu ga carbi, ya ce sunansa Malam Tanimu. Tun ba mu kai mota ba ya shinshina akwatin ya dafe ƙirji, wai dokar ƙasar ta hana yawo da kifin waje, in aka kama ni sai gidan yari. Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu. Na miƙa masa ƙunshin, har da godiya. Daga baya wata 'yar Gombe ta ba ni labarin miyar kifin da ta sha a gidansa, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinta ba. Na ce ai dole, hannun Dada ne.

Karatun nas ya kai ni. Yayana, Hamma Sali, tela ne a Karewa, shi ya rabu da gonarsa ta Damare don in tafi. Tun ban san yadda ake riƙe sirinji ba matan layinmu suka fara kiran Dada uwar nas, ita kuma tana amsawa ba kunya. Wannan sunan da wannan gonar su na ɗauko a kaina har Mansura, garin da makarantar take, kuma na san komawa Jimeta hannu rabbana ba zance ba ne.

A Mansura na tarar ɗakin kwanan da Malam Tanimu ya rantse ya kama mini babu shi babu dalilinsa. Na zauna kan akwatina a ƙofar makaranta, rana na dukana, ina kiran wayarsa tana kashe. Wata mata mai jiki, da baƙar riga da ledar burodi, ta tsaya ta zuba mini ido. Na tattaro Larabcina na Islamiyya na yi mata bayani, da wasali da tanwini, komai a wurinsa. Matar nan ta yi dariya har burodinta ya zube. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin ana neman ɗaki da muryar huɗubar Juma'a ba. Ummu Karim ke nan. Ɗaki gare ta a saman bene, kusa da kejin tattabarunta, kuma a nan na zauna har na bar ƙasar.

Ba zan ce ban sha wuya ba. Yara su bi ni a titi suna kiran launin fatata, mai tasi ya zaga da ni gari don tafiyar da ƙafa ma za ta yi, ga wake safe da rana har na fara mafarkin tuwo da miyar kuka. Amma duk wannan wuyar baƙunci ce, kowa ya fita yana shan irinta. Tawa wuyar ta musamman daga wata kalma guda ta faro.

Ana fara karatu aka ɗebi jininmu gaba ɗaya. Da sakamako ya fito, idona ya sauka kan kalmar da duk ɗan Jimeta ya fi so a duniya: negatif. Mu a wurinmu in za a yi aure negatif ake roƙo, in mace ta je awo negatif take fata, in aka ce maka fositif sai a fara yi maka kallon gawa. Na yi sujada a nan tsakar ofis. Na biya ta shago na sayo basbusa, wani kek ɗinsu mai zaƙi, faranti guda na raba wa mutanen bene. Na kira Dada, ta ce gobe da safe za ta yi sadakar ƙosai.

Kashegari Madam Huda, shugabar horaswa, ta aika a kira ni. Doguwa ce, siririya, ba ta da lokacin wasa.

"Nafisa, an ce jiya kin yi rabon zaƙi. Murnar me?"

Na ce, "Madam, ai negatif ne."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Wannan gwajin ba cuta yake nema ba. Alama yake nema cewa rigakafin ciwon hanta da aka yi miki ya kama. Negatif a nan ma'anarsa babu komai. Jikinki kamar ba a taɓa tsira masa allurar ba."

Ni da bakina ba ya mutuwa, nan da nan na naɗe hannun riga na nuna mata lambar da ke damtsena. Na ce ga shaida, ta kama tun ina jaririya, kuma kafin in taso an ƙara mini uku a Jimeta. Ta leƙa tabon ta ce wannan ta tarin fuka ce, ba ta da haɗi da hanta. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sannan ta faɗa mini dokar makarantar. Shekarar farko a aji ake yi, ta biyu a ɗakin marasa lafiya, inda allura ke soke mutum ba sallama. Ɗalibar da jikinta bai nuna kariya ba, ba za ta taka ɗakin ba. Wadda ba ta taka ɗakin ba kuwa, ba ta da takarda, sai ta nemi hanyar gida. Ta ce kada in tayar da hankali, yana faruwa, za a sake mini ukun.

Na kira Dada in ce ta fasa ƙosan, na tarar an riga an cinye. Dada Bafulatanar Yola ce, Hausarta tata ce ita kaɗai. Ta ce, "To, allura bai shiga ba ne? Ko mai allura bai iya ba? Ki ce su danna da ƙarfi."

Aka sake, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar watanni. Sanyin ƙasar ya shigo, irin mai shiga ƙashi, ruwa na zuba ba tsawa ba walƙiya. Ina karatu cikin bargo, tattabarun Ummu Karim na kuka a kaina, ina lallashin damtsena kamar mai lallashin yaro. Da aka gama aka jira aka ɗebi jini. Negatif. A wannan karon ban sayi ko alawa ba.

Madam Huda ta tura ni wurin likitan hanta, Dakta Samir, wani dattijo mai furfura da ƙaramar murya. Ya ce in jiki ya ƙi karɓar rigakafi sau biyu, akan duba ko akwai wani baƙo da ya riga ya zauna a ciki. Ya sa aka yi gwaje-gwaje. Da na koma ya ja kujera kusa da ni ya zauna.

"Babu ƙanjamau, babu ciwon hantan da muke yi miki rigakafinsa. Amma akwai ɗan'uwansa, wanda muke kira Si. Da alama ya daɗe a jikinki, shekaru."

Na ce, "Likita, ni fa ko zazzaɓin kirki ba na yi."

Ya ce haka halinsa yake, ba ya hayaniya. Ya ɗauki biro ya zana ƙananan da'irori a takarda, ya ce waɗannan fararen ƙwayoyin jini ne, masu gadin jiki. Cutar da ta zo ta wuce, sukan yaƙe ta su huta. Amma wadda ta zo ta share wuri ta zauna, kullum suna fama da ita, ba su kore ta ba, ba ta bar su sun runtsa ba. A hankali sai su dakushe. Ya faɗi kalmar da Misirawa ke faɗa in sun dawo aiki a jigace, ya ce ta'abanin ne, gajiyayyu. Rigakafi kuwa hoton wani ɓarawo ne ake nuna musu don su gane shi in ya zo. Mai gadin da ya gaji, ko kai ba lallai ya ɗaga ya kalli hoton ba.

Ban buƙaci ƙarin bayani ba, don na ga wannan gajiyar da idona. A shekarun tashin hankali, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka cika Jimeta, samarin layinmu su ke gadin unguwa da gora da tayoyi, ba fashi. Hamma Sali na cikinsu. Da gari ya waye sai ya hau keken ɗinki ido jajur. Wata rana da tsakar rana aka kwance tunkiyar Dada a ƙofar shagonsa, yana zaune, ƙafarsa a kan feda, yana barci. Har yau muna tsokanarsa da ita. Na ba Dakta Samir labarin, ya yi murmushi ya ce to haka ne, sai dai kada in ɗauka ko da yaushe haka take. Akwai masu wannan cuta da allura ke kama su sarai, akwai kuma lafiyayyu da take ƙi. Amma a kaina, wannan shi ne zaton da ya fi ƙarfi.

Sai ya tambaye ni, "An taɓa ƙara miki jini?"

Na ce an taɓa. Ina 'yar makaranta, ranar da bam ya tashi a kasuwa, Hamma ya aike ni sayen zare. Ban ji ƙara ba ma, na dai ga kaina a ƙasa, ƙarfe a cinyata. A wani ƙaramin asibiti na farka, mutane kwance har baranda. Leda biyu aka sa mini. Ɗaya ta Hamma ce. Ɗayar ta wani mutum ce da ya shigo layi ya miƙa hannu ya tafi, ba wanda ya tambayi sunansa. A wannan ruɗanin, an gwada jinin ko ba a gwada ba, Allah masani. Tun daga ranar Dada ba ta sallame salla ba tare da ta yi wa mai jini addu'a ba, haka take kiransa.

Dakta Samir ya ce ba zai rantse ba, reza ma kan kawo ta, da allurar da ba a dafa ba. Amma yayana ya je a gwada shi. Ya ce labari mai daɗin shi ne wannan ciwo yanzu yana da magani, ƙwaya ce kullum na wata uku. Na ce in an kashe shi allurar za ta kama? Ya ce, "Sau da yawa masu gadin suna farfaɗowa. Wasu kuma gajiyar takan daɗe a jikinsu ko bayan abokin gaba ya tafi. Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba."

Na fito ina tafe ban san inda nake jefa ƙafa ba. A Jimeta in aka ce ciwon hanta, abin da ake gani kumburarren ciki ne da ido ruwan ɗorawa, sannan a ware maka kwano da moɗa. Don haka ni na fara ware kaina. Na ɗauke kofina daga kicin ɗin Ummu Karim, na daina zama cin abinci da ita, in ta kira in ce na ƙoshi. Ba ta ɗauki wannan da sauƙi ba. Wata la'asar ta hauro benen tana haki, ta tsaya a ƙofa hannu a ƙugu.

"Ke 'yar huɗuba, abincina ne ya yi wari ko ni ce?"

Na fashe da kuka na gaya mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Si? Shi ke nan? Don wannan kika bar mini mahshi yana hucewa?" Ta ce ita ma ta yi shi, tun allurar da aka yi musu suna yara a ƙauye, mai gadin ƙofar benen ma ya yi, duk sun sha ƙwaya sun warke. Mijinta ne kaɗai maganin bai riske shi ba. Ta ɗauki kofina da sauran shayi a ciki ta shanye tas, ta dire. Ta ce ba a kofi yake ba, a jini yake, in sauko mu ci abinci kafin ranta ya ɓaci. Ban taɓa son wani baƙon mutum kamar yadda na so matar nan a wannan la'asar ba.

Kiran Hamma shi ya fi mini komai nauyi. Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar ɗinki da kasuwa, har ya ce, "Nafi, ba kya kirana don ki ji farashin shadda. Mene ne?" Na faɗa masa. Keken da nake ji yana gudu ya tsaya cak.

"Kina nufin ni na zuba miki?"

Na ce, "Hamma, ba haka na ce ba. Cewa na yi ka je a duba ka."

Ya ce, "Ni na aike ki kasuwar, ni kuma na..." Bai ƙarasa ba ya kashe wayar. Dada ta ce kwana biyu ko ruwan kirki bai sha ba. Da ya je aka gwada shi, ya kira ni yana dariya yana kuka a haɗe. Babu. Tsaf yake. Ya ce in tabbatar masa wannan negatif ɗin na arziki ne, ba irin nawa ba. Na ce na arziki ne, ɗan rainin hankali.

Saura mai jini ke nan. Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Dada to sai ta huta da addu'ar, ga abin da mutumin nata ya bar mini. Ban taɓa jin muryarta ta yi kauri haka ba. Ta ce, "Kul! Shi ya san yana da shi ne? Ba don jininsa ba, yau wa za a yi wa allura, kabari? Ke kina wurin likita. Shi yana ina?" Ta ce daga yau ma addu'ar biyu za ta koma, ta godiya da ta neman lafiya.

Na sha ƙwayata wata uku, Ummu Karim na tsaye a kaina kamar mai karɓar haraji. Ba ta wahalar da ni ba, ban da ciwon kai da kasala a farko. Aka jira wasu watannin aka sake gwaji, Dakta Samir ya ce baƙon ya kwashe kayansa. Na ji daɗi, amma rabin daɗi, don shekarar aji ta riga ta ƙare. Madam Huda ta nema mini alfarmar zango ɗaya, ta ce bayan shi ba abin da za ta iya. Aka fara mini zagaye na uku, wannan karon ninki biyu a kowace allura, kuma kusa da kusa.

Wannan zangon shi ne mafi tsawo a rayuwata. 'Yan ajinmu suka karɓi fararen kaya, suna dawowa da yamma suna labarin wanda suka sa wa ruwa da wadda ta haihu a hannunsu. Ni kuwa ina ɗakin gwaji ina tsira wa 'yar tsanar roba allura. Na ƙware a kan robar nan har na raɗa mata suna. In na wuce shagon akwatuna sai in kau da kai. In na tuna matan Karewa na kiran uwar nas, abinci ya fita raina. Na fara shirya abin da zan ce wa Hamma game da gonarsa, kullum in shirya in rushe, don babu kalmar da ta isa.

Aka ɗebi jinin ƙarshe. Ranar da Madam Huda ta aika kirana, na hau matakala zuwa ofishinta. Na shiga na tarar da ita a tsaye ta ba ni baya, tana laluben kabad. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba. Ta juyo da farar riga ta kara a kafaɗuna, ta ja baya ta karkata kai.

"Hannun ya yi miki tsawo. Ba kin ce yayanki tela ne ba? Kin iya kalmasa?"

Na ce, "Madam?"

Ta ce, "Ta kama, Nafisa. Ta kama sosai. Gobe da safe, ɗakin mata. Kada ki makara."

Ban san lokacin da na rungume matar nan ba, ita da ko musabaha ba ta cika yi ba. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san girmansa ba sai da ya tafi. Na taho gida da rigar a rungume, ina kuka a titi, yara na kallona, ko a jikina. Ummu Karim ta hango ni daga baranda ta ga farin abu a hannuna, ta saki guɗar da ta tashi tattabarunta gaba ɗaya. Da na kira gida, Dada ta ce, "Alhamdulillahi, sun danna da ƙarfi ke nan." Na ce ƙwarai kuwa, Dada, sun danna.

Yanzu ina aiki a wani asibiti a Jimeta, ni ke ɗibar jini a yawancin ranaku. Abokan aikina sun san halina, har suna yi mini dariya. Duk namijin da ya manyanta ya zauna a kujerata, ko ciwon ƙafa ya kawo shi, sai na lallaɓa shi ya yarda a duba masa hanta. Na samu masu ita da dama, sun sha ƙwaya sun warke. Kuma kafin in ɗaura wa kowa roba a damtse, akwai tambayar da nake yi.

Ko a makon nan na yi wa wani dattijo mai keke napep. Na ce, "Bappa, ranar da abin nan ya faru a kasuwa, ka ba da jini?"

Ya yi tunani ya ce, "A'a, 'yata, ranar ina Numan. Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Wani nake nema, in yi masa godiya, in ba shi magani. Miƙo hannunka."